Ba Mamanku Ce Ta Kore Ni Ba

Amira, ke kika jawo wannan babin, don haka ke za ki zauna a gaba. Lokacin da kuka zo mana hutu Gorton ke da ƙaninki Yusuf, kin shigo falo ko gaisuwar kirki ba ki yi ba, kika tsaya a kaina da waya a hannu. Wani ne da ba mu san shi ba, ba mu san ubansa ba, ya yi rubutu a ƙarƙashin wani tsohon bidiyon ƙungiyar babanku. Wai yarinyar nan mai ganguna ce ta kori tsohon nan mai kalangu, kuma tun daga ranar kiɗansu ya lalace. Tsohon ni ne. Yarinyar kuwa mamanki ce.

“Kaka, is it true? Mum ce ta kore ka?”

Na mayar da abin wasa, na ce ke da kika fasa aurena saboda ba ni da haƙora, ina ruwanki da wanda ya kore ni? Kika yi dariya, amma na ga idonki bai yi dariyar ba. Ni kuwa doguwar magana da baki ba ta taɓa zama gwanintata ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Gwaggonku Zainab za ta karanta muku ta fassara, tunda Hausarku daga “ina kwana” sai sunayen abinci.

Kafin in kai ga mamanku, sai na fara da abin da kuka daɗe kuna gani ba ku tambaya ba. Ba ku taɓa jin na kira sunan babanku ba, kuma ko a wannan rubutun ba za ku gan shi ba. Shi ne ɗana na fari, sannan sunan mahaifina ya ci, to abu biyu ne suka haɗu a kansa. A Kano inda na tashi, ba ka kiran sunan ɗanka na fari, ba ka rungumarsa a gaban mutane, ba ka yabonsa yana ji. Kunya ake ce wa wannan, kuma ba na neman afuwar kowa a kanta. Mahaifina bai taɓa kiran yayana da suna ba har Allah ya yi masa rasuwa, yayan nan nawa kuma bai taɓa shakkar matsayinsa ba, domin gidan cike yake da kawunnai da gwaggwanni da kakanni masu yi wa yaro duk abin da uba ba zai yi ba. Mu kuwa sai muka ɗauko kunyar muka kawo ta Ingila, muka baro kawunnan a can. Daga ni sai kakarku Hajiya Rabi, ita ma kuma ɗan farinta ne. Idan muka je wurin GP, wato likita, matar da ke kan tebur ta tambayi sunan yaro, sai in dubi Hajiya, Hajiya ta dubi takalminta, har yaron ya yi ɗage ya faɗa da kansa. Tun bai kai tsawon teburin ba yake wannan aikin. Da Zainab ta zo bayansa, a wuya nake saɓa ta ina zagaya kasuwa da ita, ina kiran sunanta har mutane su waiwayo. Shi kuwa “kai” ne, ko “yaron nan”. Yana kallo, bai taɓa cewa komai ba, ya girma ya zama mai shiru-shiru irina.

Mahaifina makaɗin mahauta ne. A hannunsa na koyi kalangu, a hannun mutanen da yake yi wa kiɗa na koyi wuƙa, da na zo ƙasar nan kuwa wuƙar ce ta ciyar da ni. Shekara da shekaru ina yanka nama a wani shago kusa da kasuwar Gorton, kalangun yana saman kabad a naɗe cikin tsohon zanen Hajiya. Danshin Manchester ba ya ƙaunar fata. Lokaci-lokaci nakan sauko da shi in ajiye kusa da hita ya ɗan sha ɗumi, in taɓa shi a hankali kada maƙwabta su buga bango, in mayar.

Babanku yana jami'a ya haɗa ƙungiyarsa, suka mamaye ɗakin ƙasa da muke zuba tarkace. Shi ke riƙe da jita, shi ke rera waƙa. Akwai Danladi mai fiyano, ɗan wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, wanda ya koyi kiɗa a coci. Akwai Martin, Bature ne, mai ganguna, yana taɓa su kamar mai tsoron tada jariri. Sai wani mai jita mai kaurin murya da ba ya magana, Hajiya ta raɗa masa Dogo, sunan ya bi shi har yau. Irin kiɗan nasu prog suke ce masa. Na tambayi Zainab, ta ce ai kiɗa ne na masu tunani. Ni dai abin da na sani shi ne Hajiya takan ɗora shinkafa ta sauke ba su kai ƙarshen waƙa ɗaya ba. Ga shi kiɗan yana tafiya yana ɗingishi, daidai inda ƙafarka take jiran bugu sai su ƙi ba ta, su ba ta a inda ba ta zata ba. Da farko na ɗauka rashin iyawa ne, ashe da gangan suke yi.

Wata Asabar da rana ina zaune a falo da kalangun a cinyata, sai na ji jitar yaron nan daga ƙasa tana maimaita wani ɗan gajeren sauti, ta hau ta tsaya, ta hau ta tsaya. A kunnena tambaya ce sak. Kafin in yi tunani hammatata ta matse tsirkiya, hannuna ya ba da amsa. Ɗakin ƙasa ya yi tsit. Can sai jitar ta sake tambaya, na sake amsawa. Na ji ana hawo matakala, na ce a raina shi ne. Ashe Zainab ce, wadda take zuwa ta zauna musu a kan tsohon akwati.

“Baba, wai Yaya ya ce ko za ka sauko? Just for a bit.”

Wannan ɗan lokacin shi ne ya zama shekaru. Ku da kuka tashi a nan ba ku sani ba, kalangu magana yake yi, ba almara ba ce. Ka matsa shi muryarsa ta hau, ka sassauta ta sauka, yadda Hausa take hawa da sauka, wanda ya saba kuwa kalmomi yake ji. To a tsakiyar kowace doguwar waƙarsu akwai wurin da kowa yake yin ƙasa-ƙasa, a bar jita da kalangu su biyu. Ya faɗa, in mayar. A nan nake ce masa sannu da aiki, in ce masa na ji, in ce masa madalla da ɗa. Har take na yi masa, irin wanda mahaifina yake yi wa manyan mahauta. Kunya baki ta hana, ba ta ce komai a kan hammata ba. Bai san kalmomin ba, Hausarsa ba ta kai nan ba, amma yana jin akwai abin da ake gaya masa, domin idan na gama sai ya sunkuyar da kai ya amsa da jitar a hankali. Ban taɓa jin daɗin wani abu a ƙasar nan kamar waɗannan Asabar ɗin ba.

Mun yi wasa a ƙananan wurare a Manchester, mutanen da suke zuwa yawancinsu masu gemu ne da gilashi, suna tsaye hannu a ƙirji suna gyaɗa kai. Sharuɗɗana biyu ne: ba na kiɗa a lokacin salla, kuma in na sauka daga dandamali waje nake fita. A masallaci an yi ta magana, wai tsufa ya zo wa Malam Sani da gardama. Ko a jikina. Hajiya ma takan yi mini tsiya, amma ita take goge mini babbar rigar da nake hawa da ita.

Shekarar da komai ya juya, matar Martin ta haifi tagwaye, ya sami aiki a can arewacin ƙasar nan, ya yi mana sallama yana hawaye. Aka shiga neman mai ganguna. An gwada mutane iri-iri, duk ɗingishin kiɗan yana kayar da su. Sai wata rana wata siririyar yarinya ta sauko daga jirgin ƙasan Birmingham da sanduna a cikin jakar baya da ɗankwali a kanta. Memuna sunanta, 'yar Ladywood, iyayenta mutanen zangon Kumasi ne. Tana ganina ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni da Hausarsu ta can, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, ta ce Baaba ina gajiya. Na ce a raina, wayyo, wannan baiwar Allah da kyar za ta iya ɗaga sandar. Ta zauna a bayan gangunan Martin, ta gyara kujera, ta ce bismillah. Abin da ya biyo baya, Hajiya ta ce a sama murfin tukunya rawa ya yi ta yi har ya faɗo. Hannu biyu, ƙafa biyu, duk a lokaci ɗaya, kuma ɗingishin nan da ya kayar da maza ita kamar a cikinsa aka haife ta. Ni makaɗi ne ɗan makaɗi, na san hannu in na ji shi. Na waiwaya na dubi babanku, na ga fuskarsa a buɗe yadda ban taɓa ganinta ba. Wannan yarinyar ita ce mamanku.

Daga nan kiɗan ya fara nauyi. Ba wanda ya zauna ya yanke shawara, haka kawai gangunan suka ja jita, jitar ta ja Dogo. Babanku ya sassauta wayoyin jitarsa har muryarta ta koma gurnani, ya sayo lasifika mai tsayin firij. Shi da yake rera waƙa kamar yana ba da haƙuri, sai ga shi yana buɗe maƙogwaro. Na fahimci akwai abubuwa da yawa da suka daɗe a cikin yaron nan suna neman ƙofa, kuma ban yaudari kaina ba game da inda wasunsu suka samo asali. Ɗakin ƙasa ya yi musu kaɗan, maƙwabta suka kai ƙara council, wato hukumar gari, aka koma yin gwaji a wani tsohon sito a Handsworth, can Birmingham. Danladi ya haƙura na 'yan watanni, sannan ya ce fiyanonsa ya zama ado, ya zo har gida ya yi mini sallama, ba faɗa ba gaba. Har yanzu yana zuwa mana barka da salla.

Saura ni. Kalangu ƙaramin abu ne, an yi shi don kasuwa da ƙofar gida. Suka sa mini makirufo, suka ƙara masa ƙarfi har ya riƙa kuka, duk da haka ni kaina ba na jin abin da hannuna yake yi. Sai babanku ya ɓullo da dabara: a tsakiyar kowace sabuwar waƙa, daidai lokacin da ta ɗauki zafi, sai kowa ya tsaya cak, a ba kalangu fili. Na gode masa a raina, amma kunnena ya ƙi yarda. A tsoffin waƙoƙin, wurin nan namu daga jikin waƙar ya fito. A sababbin kuwa faci ne. Ina ganin samari suna tsalle, gumi yana zuba, sai a tsayar da su saboda wani tsoho ya yi 'yar maganarsa, su tafa don ladabi, su jira a ci gaba. Na sani, shi ma ya sani. To wa zai gaya wa wani?

Wata rana a siton nan na Handsworth, babanku da Dogo sun fita sayo abinci, aka bar ni da Memuna tana ɗaure wani ƙarfe. A lokacin ba surukata ba ce, yarinya ce abokiyar sana'a, ina iya magana da ita yadda nake so. Na ce mata na san suna gwada waƙoƙin ran Laraba da ba na nan, kuma na san tana ɗauka a waya, ta kunna mini sabuwar in ji ta ba tare da ni ba. Ta ce wayar ba caji. Na ce ga caja can a bango. Ta ce Baaba don Allah. Na ce ni ba yaro ba ne. Ta kunna, ta juya mini baya tana ta ɗaure ƙarfen da ya riga ya ɗauru.

Waƙar ta tashi, ta tafi, ba ta tsaya wa kowa ba har ta kai inda za ta. Ta fi kyau nesa ba kusa ba. Raina ya sosu ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, na ji kamar an nuna mini hoton gidanmu ba ni a ciki kuma kowa yana murmushi. Amma a cikin sosuwar akwai alfahari, domin wannan abin ɗana ne ya gina shi. Na tambaye ta ko shi ya ji. Ta ce ya ji, kuma wasu masu shirya wasanni sun ji sun nemi su zagaya ƙasa da su a haka, ya ƙi.

“Ya ce in babu kai, babu band. Ni ma na goyi bayansa, Baaba. We'll make it work, wallahi.”

Ku ji da kyau, ke da Yusuf da wancan marubucin da ba shi da aikin yi. Wannan shi ne abin da mamanku ta ce. A duk ƙungiyar babu wanda ya kai ta son in zauna. Ni ne na duba na ga yaro yana shirin binne abin da Allah ya ba shi don kada ya ɓata wa ubansa rai, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa ba, domin ni na koya masa rashin faɗa. A jirgin komawa Manchester na yanke shawara, tun kafin mu wuce Stoke.

Yadda na sanar da shi kuwa, yadda ake yi na yi. Uba ba ya zaunar da ɗan fari ya zazzage masa cikinsa. Na gaya wa Hajiya cewa kiɗan yaron nan ya yi ƙarfi, ya isa ya tsaya da ƙafarsa, ni zan koma gefe in yi masa addu'a. Hajiya, da yake ita ma ba za ta iya ba, ta gaya wa Zainab. Zainab tana sauri za ta aiki, ta tura masa saƙo a waya cewa Baba ya ce ya gama. Ba laifinta ba ne, ba ƙarya ta yi ba. A gida da kawunsa za a tura, ya tafi da shi gindin bishiya su yini suna magana. A nan kuwa abin da muke da shi ke nan.

Washegari da yamma ya zo, ya gaishe ni, ya tsaya a bakin ƙofar falo da makullin mota a hannu.

“Baba, is it the noise? Ba ka son kiɗan ne?”

Na kafa wa talabijin ido. Na ce, “Allah ya yi albarka.”

A wurina na ba shi duk abin da uba yake da shi. A wurinsa na rufe masa ƙofa. Ya ɗan tsaya, ya ce amin, ya fita. Na ji motarsa ta daɗe a waje kafin ta tashi.

Sun yi zagayensu, sun yi suna, masu gemu da gilashi suka ragu, masu baƙaƙen riguna suka cika wuri. Ya koma Handsworth da zama. Ni kuma Asabar ta zama mini doguwa, na roƙi mai shago ya riƙa ba ni aiki a ranar. A masallaci aka ce alhamdu lillahi Malam Sani ya tuba, na bar su a haka. Idan babanku ya zo gida sai ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa, in tambayi hanya, ya ce lafiya, shi ke nan magana ta ƙare, ya wuce kicin, uwarsa ta cika masa kwano ita ma ba ta kallonsa. Na mayar da mu inda muke yana yaro, kuma wannan karon na san abin da na rasa. Da maganar aurensu ta taso na yi murna har raina, muka je Ladywood da goro da alewa, aka ɗaura. Sai dai daga ranar Memuna ta zama suruka. Mutum ɗaya da nake iya magana da ita a ƙungiyar, ita ma yanzu in ta gan ni sai ta ja mayafi ta sunkuya, ni kuma in kau da kai. Da abin ba a kaina yake ba da na yi dariya.

Ita ce ta karya dokar. Tana da cikinki, Amira, ya fara fitowa, sai ga ta a shagon nama da rana tsaka ita kaɗai, ta taso tun daga Birmingham. Na rasa inda zan sa idona, na kama wasa wuƙar da ba ta buƙatar washi. Ta gaishe ni, ta jira mai sayen ƙashin miya ya tafi.

“Baaba, na san bai kamata in tsaya a gabanka haka ba. Amma ɗanka yana cewa kiɗansa ne ya kore ka, wai kunyarsa kake ji. Ya fara maganar sayar da jita. Ni na san gaskiya, na gaya masa, ya ce I'm just being nice. Daga bakina ba zai yarda ba.”

Ta ce suna da wasa a wani fili a Handsworth ran Asabar bayan azahar, kuma shi ne na ƙarshe da za ta yi kafin ta haihu. Ta ajiye wasu 'yan robobin toshe kunne a kan teburin shagon, ta ce ba sai na ce komai ba, in dai tsaya inda zai gan ni. Ta tafi ta bar ni da wuƙa a hannu.

Na je. Ban gaya wa kowa ba sai Hajiya. Na yi azahar a wani masallaci a kan babban titi, na bi ƙarar har na iske filin. Ku kwatanta ni da farar babbar riga da hula a tsakiyar samari masu baƙaƙen kaya da gashi har kafaɗa. Sun yi mini kirki, suna ta matsawa suna cewa a ba uncle hanya, har na tsinci kaina a gaba, jikin shingen ƙarfe. Robobin suna aljihuna, na ce ban zo daga Manchester don in toshe kunne ba. Ban taɓa jin su daga ƙasa ba, kullum a gefensu nake. Da mamanku ta ɗaga sanduna ta sauke, a ƙirjina na ji, ba a kunne ba. Haƙoran da suka rage mini suka kama rawa. Yaron nan yana tsaye a tsakiya, ƙafa a ware, idonsa a rufe, jitar tana gurnani, waƙar tana tafiya ba mai tsayar da ita.

Can a tsakiyar wata waƙa Dogo da mamanku suka riƙe bugu ɗaya suna maimaitawa, sai taron nan kaf ya kama kiran sunan babanku a kan bugun. Cikakken sunan, sunan mahaifina, daga bakin ɗaruruwan yaran da ba su san ko wane ne mai shi na asali ba. Dama da hagu da bayana, kowa yana da ikon faɗinsa sai ni. Na dubi na kusa da ni, bakinsa a wangale, jijiyar wuyansa a tashe, amma ko kaɗan ba na jin muryarsa a cikin ƙarar. A nan na gane cewa ni ma ba mai jin tawa. Na riƙe shingen da hannu biyu, na cika ƙirji, na kira ɗana da sunansa. Na sake kira. Na yi ta kira har na daina ƙirgawa, hawaye yana bin gemuna, ban damu ba.

Ban san lokacin da ya buɗe ido ba. Na dai ga yana kallona, yana kallon bakina. Hannunsa ya tsaya a kan jitar, abin da bai taɓa yi ba a gaban jama'a. Mamanku ta lura, ta ƙara wa ganguna wuta ta rufa masa asiri, shi kuma ya juya wa taron baya kamar mai gyara wani abu a jikin lasifika. Ya daɗe yana gyaran.

Da aka tashi ya same ni a bayan dandamali, rigarsa sharkaf da gumi, ya durƙusa. Na buɗe baki, ashe muryar ta tafi. Da ɗan abin da ya rage na ce masa kiɗan ya yi, kada in sake jin maganar sayar da jita. Ya ce to, Baba, kansa a ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗora hannu a kansa. Rabona da taɓa kan nan tun ranar da wanzami ya yi masa askin suna.

Na iso gida kafin isha'i. Hajiya ta kawo tuwo, ta tambayi hanya, na amsa da raɗa. Ta ce me ya sami muryar? Na ce sanyin jirgi ne. Ta dube ni, irin kallon da take yi wa mai sayar da tumatir in ya ce na yau ne. Ta tashi ta haɗo mini ruwan zafi da zuma da citta, ta zauna a gefen kujera tana murza bakin zanenta.

“Malam, kiransa ka yi?”

Na gyaɗa kai.

“Ba wanda ya ji?”

Na ce ba wanda ya ji, ko ni ban ji ba.

Ta kalli kofin da ke hannuna. Matar nan ita ta ɗauki cikinsa, ita ta yi jinyarsa duk lokacin sanyi, kuma tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan ba ko a ɗaki ita kaɗai. Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauki kwanon tuwon da ban taɓa ba, ta kai bakin ƙofa, sannan ta tsaya ba ta juyo ba.

“In Memuna ta haihu suka koma wasa,” in ji ta, “ka tafi da ni.”